Bappa Mai Makulli da Fitilun Lungun Kurna

Duk wanda ya taɓa yar da makullin shagonsa a Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ya san Malam Bappa, don wurinsa za a tura shi. Teburinsa na nan a bakin layin masu kwanuka, ƙarƙashin wata rumfar langa-langa da ta girmi rabin masu wucewa ta gabanta. Kwaɗuna a rataye jere-jere, ga injin yanka makulli, ga zarto uku da ya gada wurin ubangidansa. Siririn mutum ne, furfura ta cinye masa gemu amma ta ƙyale kan, kuma ya haura shekara talatin yana buɗe wa mutane abin da suka kulle da hannunsu suka kasa buɗewa.

Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne. Yana cikin goga makulli sai ka ga hannun ya tsaya, idanu sun tafi can kan dutsen da ke leƙo gari ta bayan rumfuna, mai kaya kuwa na tsaye yana jira. Maƙwabtan teburinsa sun saba, sai su ce wa baƙo ya yi haƙuri, Malam ya yi tafiya, yanzu zai dawo. Ba kuwa wata tafiya mai nisa yake yi ba. Gida yake komawa, Lungun Kurna a Ƙofar Wambai, amma lungun na shekara hamsin baya, lokacin da asabari ne ƙofar ɗakin kakarsa, kuma akuya ce kaɗai ɓarauniyar da ake tsoro a unguwa.

Abin da ke cin ransa, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne kasuwarsa ta buɗe ne daidai lokacin da gari ya lalace. A da, bai fi ya sayar da kwaɗo biyu a mako ba. Yanzu mutum zai sayi uku don ƙofa ɗaya, ya kuma tambaya ko akwai wanda ya fi wannan ƙarfi. Bappa yakan karɓi ciniki ya yi godiya, amma kunya yake ji, kamar mai sayar da likkafani a shekarar annoba. Ba gidan da bai sa wa kwaɗo ba a lungunsu, kuma bai taɓa tambayar kowa dalili ba, su ma ba su taɓa faɗa ba.

Matarsa Maimuna masa take soyawa da safe a zauren gida, kuma a iya sanin mutanen Ƙofar Wambai babu mai hannunta. 'Ya'ya duk sun watse, maza suna neman abinci a wasu garuruwa, mata suna ɗakunansu. Saura auta, Ni'ima, wadda ke shekararta ta ƙarshe a karatun ungozoma. Ana tura su asibiti aikin koyo, ba ta tashi sai an kira magariba. Keke Napep ba ya iya shiga Lungun Kurna saboda ƙunci, don haka a bakin titi yake sauke ta, ta taka sauran da ƙafa.

A farkon daminar bara ne, wata Talata, an ɗauke wuta, hadari ya ƙara wa magariba duhu, wasu samari biyu suka tare ta a kwanar da kurnar take. Waya suka nema. Ita kuwa duk karatunta na cikin wayar nan, sai ta riƙe, ɗaya ya sa wuƙa ya yanke ta daga bayan hannu zuwa wuyan hannu. An yi mata ɗinki a wani asibiti nesa da unguwa, Bappa ne ya zaɓi nisan. Da maƙwabta suka ga bandeji suka yi jaje, ya ce musu kwanon rufi ne ya yanke ta wajen shanya. Suka ce Allah Ya kiyaye gaba, shi ya san ba su yarda ba, su ma sun san ya sani, aka bar maganar a nan.

Maimuna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Rantsuwa ta yi, cewa 'yarta ba ta ƙara bin lungun nan bayan faɗuwar rana sai ranar da aka sa masa haske. Bappa ya ce shi zai riƙa zuwa bakin titi yana tarar ta. Maimuna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce wato a sare mata mutum biyu ke nan maimakon ɗaya. Makaranta ta yi musu adalci, ta ce Ni'ima za ta iya dakatawa, amma in ba ta koma ba zuwa lokacin da za a buɗe sabon zango bayan damina, gurbinta ya tafi, sai ta sake nema daga farko. Wata biyar ke nan a hannun Bappa, kuma haske yake nema.

A rediyon da ke rataye a rumfarsa ya fara jin cewa akwai gidauniyoyi masu ba ƙungiyoyin unguwa tallafi don su kare kansu daga ɓarayi da 'yan sara-suka. Ya kashe injin, ya saurara har aka gama shirin, sannan ya nufi shagon Uzoamaka, wata 'yar kudu mai buga takardu da kwamfuta a bayan kasuwa, wadda ya taɓa buɗe wa akwatin ajiyarta bai karɓi ko sisi ba. Ta shekara ashirin a Bauchi, Hausarta ba ta san mace ba ba ta san namiji ba, amma ta san duniya. Ta zaunar da shi, ta yi ta bincike a kwamfuta har la'asar. Wasu ta ce na gwamnatoci ne, ba na talaka ba. Wasu ta ce an rufe tun bara. Da suka ci karo da wani mai alkawarin abin duniya in an fara biyan kuɗin fom, sai ta rufe shafin da sauri.

"Baba Makulli, wanda zai ba ka, ba ya fara cewa kawo. Wannan ɓarawo ne, shi ma kwaɗo yake so."

A mako na uku suka samu wadda ta dace, wata gidauniya mai ofis a cikin gari, da ke neman unguwanni ƙalilan da za ta sa wa fitilun sola ta kuma horar da 'yan sintiri. Sai dai sharuɗɗanta sun fi makullan teburinsa yawa. Sai da ƙungiya mai rajista, da tsarin mulkinta a rubuce, da sunayen shugabanni har da mata, da wasiƙar mai unguwa, da taswirar wurin. Bappa, wanda bai taɓa shugabantar ko taron suna ba, ya wayi gari shugaban Ƙungiyar Zaman Lafiya ta Lungun Kurna. Ya taka matakalar ofisoshi har takalminsa ya tsinke, ana ce masa oga ya fita, dawo gobe. Ya dawo goben, da jibin, da gatan. Mai nema yana tare da samu, rajista dai ta fito.

Amma in gaskiya za a faɗa, ba takardun ne suka riƙe shi ba, fitilun ne. Tun ba su zo ba ya gama zama a ƙarƙashinsu. Kullum in an fito sallar asuba sai ya bi lungun a hankali da gawayi a aljihu, yana sa alama a bango inda kowace za ta tsaya, goma sha biyu daga bakin titi zuwa ƙofar masallaci. Ta bakwai ce a gindin kurna, kuma ita ya fi so. A teburinsa in ya yi tafiyar nan tasa, yanzu ba baya yake komawa ba. Yana ganin lungun fari tas bayan magariba, an ɗauke ruwa, ƙasa na ƙamshi, shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ake soyawa, ya fito yana zagaya fitilu, yara sun ajiye kwanonin ruwa a ƙasa suna tara shi. Yana ganin tsofaffin mata sun fito da kujeru 'yan tsugunne suna ɓare gyaɗa, mai shayi ya dawo kwanar da ya gudu ya bari, ɗalibai na bita a jingine da bango. Daga can bakin titi kuma ga Ni'ima tana tahowa da farin kayan asibiti, ba sauri take ba, tana wucewa daga hasken wannan zuwa na wancan, tana gaida mutane. Sau da yawa a nan mai kaya ke taɓa masa kafaɗa, ya dawo ya tarar ya goge haƙorin makulli har ya wuce misali.

Wuri ɗaya ne fom ɗin ya ba shi wahala, inda aka ce a bayyana matsalar unguwa dalla-dalla, me ya faru, yaushe, ga wa. Uzoamaka ta ɗora yatsu a kan kwamfuta tana jiransa. Ya ce ta rubuta ana ɗan samun matsaloli irin na yau da kullum. Ta ce wannan ba magana ba ce, ya faɗi guda ɗaya. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yi tsaki, ta rubuta abin da ya ce cikin Turanci mai kyau, ta tura.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo cewa Lungun Kurna na cikin waɗanda za a zo a duba da ido. Bappa ya kai wa mai unguwa, Alhaji Kabiru, labari, kuma daga nan ne abin ya fita daga hannunsa, ko da yake shi ma da hannunsa a ciki har gwiwa. Alhaji Kabiru dattijo ne mai son unguwarsa kamar ransa, ya tara magidanta ya ce baƙi za su zo daga ofis, kuma ba a haifi wanda zai kunyata Ƙofar Wambai a gaban baƙo ba. Aka yi gayya aka yashe kwata. Aka shafe rubuce-rubucen da samari suka yi a bango da farar ƙasa, har da alamomin gawayin Bappa. Samarin da ke yini a gindin kurna, waɗanda kowa ya san ɗan wane da ɗan wane ne, iyayensu suka tura su gona a Inkil tun da sassafe. Sannan mai unguwa ya dubi ƙofofi, kowace da kwaɗo biyu uku kamar gidan yari, ya ce wannan ai tonon asiri ne, Malam Bappa ya taimaka. Bappa ya ɗauko kayan aikinsa ya bi gida-gida yana cire kwaɗunan da shi ya sa su, yana toshe gurbin da aka taɓa ɓalle sakata, yana shafa fenti. Ya yi aikin da kyau ƙwarai, don bai iya aikin banza ba.

Ranar Alhamis da hantsi baƙi suka iso, su biyu, wani saurayi mai ɗaukar hoto da wata mata mai suna Liatu, 'yar jihar ce, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Aka shimfiɗa darduma a zauren Bappa, Maimuna ta fito da masa da miyar taushe da zuma, irin wadda ba ta yi wa 'yan saye. Liatu ta ci ta yaba, sannan ta buɗe littafinta ta bi lungun tana tambaya. Ana samun sata a nan? Alhamdulillahi, lafiya lau. Ƙwacen waya fa? Ai muna dai ji a wasu unguwanni. Mata na jin tsoron fita da yamma? Tsoron me, duk 'yan uwan juna ne. Mutumin da aka kwashe wa awaki huɗu ya ce lafiya lau. Telan da aka ɗauke wa keken ɗinki ta taga ya ce sai godiya. Mai hoto ya yi ta ɗaukar bango fari da ƙofofi a buɗe, yara na ta murmushi a gabansa.

Da suka dawo zaure, Liatu ta rufe littafin, ta rage murya, ta dubi Bappa.

"Baba, kai ka rubuto mana. A gidan nan naka, ko a kan wani naka, an taɓa yin wani abu?"

Mai unguwa na zaune a damansa, liman a hagunsa, magidanta sun cika ƙofa. Bappa ya buɗe baki zai faɗi abin da aka yi wa Ni'ima. Sai ya tuna 'ya mace ce, gobe wani zai ce ai ita ce wadda samari suka tare a lungu, kuma baki ba ya tsayawa inda labari ya tsaya. Ya tuna ɗaya daga cikin samarin nan jikan mutumin da ya yi wa gawar mahaifin Bappa wanka ne. Ya dubi labulen da ya raba zaure da tsakar gida, ya sunkuyar da kai.

"Alhamdulillahi, 'yata. Mu dai haske muke so."

Ta ɗan jira, ko zai ƙara. Aka raka su har bakin titi da ƙunshin masa, mai unguwa ya dawo yana cewa yau an fita kunya. Kafin magariba Bappa ya sake bin gida-gida ya mayar wa kowa kwaɗunansa.

Amsa ta zo bayan mako shida, ruwa ya fara ja baya. Uzoamaka ce ta karanta masa, tana karantawa tana girgiza kai. Gidauniya ta gode, ta yaba da tsafta da haɗin kan Lungun Kurna, ta ce a duk inda aka zaga ba a ga unguwa mai kwanciyar hankali kamarta ba. Saboda haka an ba waɗanda suka fi buƙata. A ƙarshe ma suna roƙon ko shugaban ƙungiya zai zo taro ya koya wa sauran unguwanni sirrin zaman lafiyarsu.

Bai koma teburinsa ba, ofishin ya nufa da takardar a hannu. Liatu ta fito ta same shi a benci, ta durƙusa ta gaishe shi kamar ubanta, ta kawo masa ruwa. Ya ce mata abin da ta gani ba haka yake ba. Ta ce ta sani. Ta ce ta ga sabon fenti a gurbin sakata, ta ga ƙofofi da ramin kwaɗo uku-uku, ita ma a irin wannan lungu aka haife ta. Ta je ofishin 'yan sanda ko za ta samu rahoto ɗaya daga unguwar, babu, don ba wanda ya taɓa kai ƙara.

"Baba, ni na san lafiya lau ɗinmu. Amma masu yanke hukunci takarda suke karantawa, kuma ba zan rubuta abin da ba wanda ya faɗa ba. Mutum ɗaya na nema a ranar nan."

Ta ce za a sake buɗewa baɗi, ƙofa ba ta rufe ba. Ya yi godiya. Baɗi ba ta da amfani ga gurbin Ni'ima, saura kwana tara a buɗe zango, kuma ya san Maimuna, ya san rantsuwarta, ya kuma san tana da gaskiya, don ko a makon nan an tare wani a kwanar.

Da ƙafa ya koma gida, bai hau komai ba. Ya tarar da Ni'ima a tsakar gida tana tsince shinkafar masar gobe, littafinta na karatu a buɗe a gefen tabarma, ta danne shi da murfin tukunya don iska. Wata biyar ke nan kullum haka take, tana bitar abin da ba a ce za a tambaye ta ba. Ya zauna a bakin rijiya ya gaya mata komai, bai rage ba, har da abin da Liatu ta ce. Maimuna na ƙofar madafa tana ji.

Ni'ima ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, "Baba, ranar da suka zo ina bayan labulen nan. Na ji ta tambaye ka. Na naɗe hannun rigata ina jira ka kira ni."

Bappa ya taso daga bakin rijiya ya tsuguna gabanta. Shi duk zatonsa asirinta yake rufawa, bai taɓa tambayarta ko tana son rufin ba. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka yanke ta, don wancan wasu ne suka yi mata, wannan kuwa shi ne.

"Mu gani," ya ce.

Ta ajiye faifan, ta miƙo hannun. Sai a lokacin ya gane bai taɓa kallon wurin ba. Ranar ɗinki a waje ya tsaya, bayan an cire bandeji kuma kullum hannun na cikin hijabi, shi ma bai nema ba. Tabon ya fi yadda yake zato tsawo, ya taso, ya yi duhu, ga sawun allura a gefe da gefe, kuma ƙaramin yatsanta ba ya miƙewa sosai. Ya riƙe hannun a tafinsa mai kaushin zarto, ya daɗe yana dubawa.

Aka kira la'asar. Ya san in an idar magidanta za su zauna a ƙofar mai unguwa kamar kullum, da liman, da tela, da mai awaki, da kakan ɗaya daga cikin samarin da suka tare ta. Ya miƙe ya ɗauki buta, ya ce wa Ni'ima ta sa hijabinta ta jira shi a zaure, in ya fito masallaci tare za su je ƙofar mai unguwa. Ya dubi Maimuna ko za ta hana. Maimuna ta shiga ɗaki, ta fito da takardar asibitin da aka yi ɗinkin, wadda ta ɓoye a ƙasan akwati tun farkon damina, ta sa masa a aljihu.